Idan aiki ya taru muku a wajen sana'a, wanne kuke fara taɓawa?

Tela na Jekadafari: Salam jama'a. Mu shida ne a shago, ƙaramar sallar da ta wuce saura kwana 9 aka jibge mana shadda da yadi, kowa ya zo sai ya ce nasa ne na gaggawa, mu kuma wanda ya fi ɗaga murya shi muke fara yi wa. Keken sirfani tun farkon azumi yake wani irin ƙara, kullum na ce a kira mai gyara sai mu ce gobe, ranar jajibiri ya tsaya cak da riguna 11 ba a taɓa wuyansu ba. Wallahi sai da na kashe waya. Ku ya kuke yi ne?

Maman Ummi, Pantami: Ayya sannu ɗan'uwa. Ni girkin biki nake, allo na kafa a kicin na rubuta ranar kowa. Shinkafa da mai da gawayi tun Litinin ake sayowa, nama da kayan miya sai ana gobe don kar su lalace. Yarana ko ba na nan sun san na gaba.

Malam na Tudun Wada: A ofishinmu an koya mana tsarin da ake jingina wa Eisenhower, shugaban Amurka daga 1953 zuwa 1961, akwati huɗu ne. Mai muhimmanci kuma na gaggawa a yi yanzu, mai muhimmanci da ba gaggawa a sa masa rana, na gaggawa marar muhimmanci a miƙa wa wani, sauran a watsar. Gyaran kekenka na akwati na biyu ne maigida, shi kuwa ba ya ihu sai ranar da zai kunyata ka.

Mai firintin a Bolari: Malam wannan sai ku masu ofis. Mu wuta ce ogarmu, da an kawo kowa ya ruga kan inji, yanka takarda da naɗe katin aure sai an ɗauke, don man janareto yanzu ba a magana.

Tela na Jekadafari: Na gode, allon Hajiya zan kafa gobe in sha Allah. Amma Malam, Alhajin da ya ba ni jari ya aiko da shadda ranar Laraba wai yana so ya sa Juma'a, shi wane akwati zan saka shi?