Tsibirin Kunta Kinteh na Kogin Gambiya: me ya sa ba a sake gina sansanin ba?

Ɗan Bakin Kogi:
Assalamu alaikum. A hotunan tsibirin Kunta Kinteh na Gambiya ba a ganin komai sai kangon bango, 'yan igwogi da kukoki. Wa ya gina sansanin, me ya rushe shi? Kuma tunda UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, me ya hana a kai siminti da rodi a tayar da shi yadda yake a da?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Tsibirin yana tsakiyar kogi, kimanin kilomita 30 daga inda Kogin Gambiya ya faɗa teku, daura da Juffureh da Albreda. Turawan Fotugal sun iso shi a 1456, amma masu ginin farko mutanen Kurland ne, wata 'yar masarauta a ƙasar Latbiya ta yau, a 1651. Ingilishi suka karɓe shi a 1661 suka raɗa masa James. Amfaninsa shi ne duk jirgin da zai haura kogi sai ya bi ta gaban igwa, don haka mai tsibirin shi ke riƙe da cinikin zinariya, hauren giwa da bayi.

Rushewar ba ta rana ɗaya ba ce. Faransawa sun ci shi a 1695, ɗakin albarushi ya fashe a 1725, sannan a 1779 Faransawa suka dawo suka ragargaza shi. Bayan Ingila ta haramta fataucin bayi a 1807, sai ta kafa Bathurst, wato Banjul, a 1816 a bakin kogin, tsibirin ya rasa aiki. UNESCO ta sa shi a jerinta a 2003, aka sauya masa suna zuwa Kunta Kinteh a 2011.

To Malam, wane sansanin za a tayar? Na 1651 ko na kafin 1779? An rushe an sake ginawa sau da dama, kowane da fasalinsa. Kangon nan shi ne shaidar, wanda aka gina yau kuwa hasashe ne kawai.

Injiniya Mai Madatsa:
Kafin a yi maganar bango, a yi ta ƙasar da yake tsaye a kai. Tsibirin yanzu bai kai rabin hekta ba, ana kuma kiyasin kashi ɗaya cikin shida ne na girmansa na da ya rage. Ruwan wurin na gishiri ne, yana cika yana janyewa sau biyu a yini, iskar damina kuma na kora igiyar ruwa tana dukan gaɓa. Ruwan na kwashe ƙasa daga ƙasan harsashi, bango ya rataya, ya tsage, ya kife.

Kuskuren da aka fi yi shi ne katangar kankare miƙaƙƙiya. Igiya ta buge ta sai ta dawo da ƙarfinta ta haƙe gindinta, bayan 'yan damuna katangar ta sunkuya. Abin da ke aiki gangare ne na duwatsu, tsayin mita ɗaya a faɗin mita biyu ko fiye. A fara shimfiɗa ƙyallen tace ƙasa, sai tsakuwa, sai manyan duwatsun da igiya ba ta iya mirginawa, a kuma binne ƙafar gangaren ƙasa da inda ruwa ke tsayawa in ya janye. In aka tsallake ƙyallen, ruwa zai riƙa zuƙe ƙasa ta tsakanin duwatsu har su nutse. Kejin waya da ake cika wa dutse yana da sauƙin kuɗi, amma a ruwan gishiri tsatsa ke cinye wayar, sai dai mai rufin roba.

Sarkin Magina:
Injiniya ya yi gaskiya, gaɓa ce farko. Ni a kan siminti zan tsaya. Bangon na dutsen marmara ne da tubali, an ɗaure su da kwaɓin farar ƙasa. Marmara na shan ruwa, farar ƙasa kuma na barin danshi ya fita ta layin kwaɓi. Siminti ya fi dutsen tauri kuma yana toshe hanyar, sai danshin ya bi ta cikin dutse, gishiri ya bushe a ciki ya farfasa fuskarsa. Ƙarshe sai ka ga layin siminti tsaye cak, dutsen ya zagwanye. Duk wanda ya ga gidan ƙasa da aka shafe da siminti ya ga irinta. Rodi ya fi muni, don in ya yi tsatsa kumbura yake ya tsaga bango daga ciki.

Ga yadda ake samun farar ƙasar: ana ƙona ɓawon kawa a zafin da ya kai digiri 900 na ma'aunin Celsius, a zuba masa ruwa ya narke, a bar shi a rami ƙarƙashin ruwa wata uku. Kwano ɗaya na farar ƙasa, uku na yashi mai kaushi. Yashin a wanke shi, ruwan kwaɓi kuma na daɗi ne. Tsibirin ba shi da rijiya, tun zamanin Turawa ruwan sama suke tarawa, saboda haka jarkoki za a ɗauko a kwalekwale. Ɗiban ruwan kogi don sauƙi zuba gishiri ne a bango da hannunka.

A kankare ruɓaɓɓen kwaɓi da hannu, zurfin ninki biyu na faɗin layin, a jiƙa, a cusa sabo kaɗan-kaɗan ana dannawa. A rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara aƙalla mako guda, don in ya bushe da sauri gari yake komawa. Kan bango shi ne mashigar ruwan sama, a rufe shi da ɗan tudu yadda ruwa zai gangare.

Ɗan Bakin Kogi:
Na gode, malamai. Kukokin fa, ba sa tura bango?

Injiniya Mai Madatsa:
Saiwarsu na iya turawa, amma ita ce kuma ke riƙe ƙasar, sare babbar kuka zai bar rami in saiwar ta ruɓe. A rage mata reshen da ya rataya kan gini kawai. Abin cirewa shi ne ƙananan tsiron da ke fitowa a tsagar bango, a tuge su duk ƙarshen damina tun suna 'yan kamu ɗaya, a toshe ramin da kwaɓi nan take.