Musayar Waƙa: Biliyan 700, McCain da Obama

Baban Ikram (Dayton, Ohio), 6 Oktoba 2008

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Juma'a 3 ga wata Shugaba Bush ya sa hannu a dokar da ta ware dala biliyan 700 don ceto bankuna, saura wata guda a yi zaɓe tsakanin McCain na Rifablikan, da mataimakiyarsa Palin, da Obama na Dimokurat. Sakataren baitulmali Paulson ne ya kawo ƙudurin. Ni mai ra'ayin riƙau ne, ban taɓa ɓoyewa ba, kuma abin nan ya tsaya mini a rai. Ga baitukana, mai amsa ya amsa.

Da sunan Allah na fara,
Shi ne Sarki mai sutura,
Ya ba ni basira in tsara
Batun da ya dami Amurka.

Banki ya ci riba ya ƙoshi,
Ya rabka caca da bashi,
Da ya faɗi sai a ɗago shi
Da kuɗin harajin talaka.

Paulson ya zo da takarda,
Shafi uku, wai mu yarda,
Biliyan 700, ba shaida,
Ba kotun da za ta bincika.

Daga bankin Goldman Sachs ya fito,
Tsoffin abokai zai ceto,
Wa zai hana ni yin zato
Cewa da biyu aka yi harka?

Wakilai sun fara da ƙi,
Mutanenmu suka ja yaƙi,
Kasuwa ta faɗi, ran nan baƙi,
Kwana huɗu kacal suka sauka.

'Yan jarida tuni sun gama,
Sun naɗa nasu, Obama,
Palin suke bi su kama,
Ta yi tuntuɓe su yi ta duka.

Ƙuri'ata McCain zan ba,
Zubar da ciki ban so ba,
Ƙarin haraji ban ɗauka ba,
Ra'ayin riƙau ne, ku ji haka.

Ɗan Zongo (Bronx), 6 Oktoba

Alhaji, waƙa ta tsaru,
Amma gaskiyar ta gutsuru,
Wa ke mulki da abin ya faru?
Ba Bush ba ne, ɗan gidanka?

Shekara takwas yana mulki,
Ya kwashe dukiya zuwa Iraƙi,
Ya saki linzamin banki,
Yau kai kake mana kuka.

Ranar da bankin Lehman ya rushe,
McCain ya ce tattali na da ƙarfi a tushe,
Ya zo Majalisa daga ƙarshe
Ya ɗaga hannu ga ceton da ka soka.

A taronsu in sun ce Hussaini,
Zagi suke wa addini,
Kai mai salla da imani,
Me ka je nema a cikin haka?

'Yar Zazzau (Zariya), 7 Oktoba

Allah ya ƙara basira, Yaya Ɗan Zongo! Baitin Hussaini, sunan tsakiya na Obama, ya gama magana. Baba Alhaji, a yi haƙuri, wannan karon an fi ka. Kuma “mutanenmu suka ja yaƙi” bai cika ba. Ranar 29 ga Satumba da aka kayar da dokar da ƙuri'a 228 a kan 205, akwai 'yan Dimokurat 95 cikin masu ƙi. Ba ku kaɗai kuka ƙi ba.

Malam Alƙalami (Kano), 7 Oktoba

Ni ba ruwana da McCain ko Obama, baiti na zo dubawa. Ɗan Zongo, a baitinka na biyu ka ɗauko “mulki” da “banki”, sai ka cusa “Iraƙi” a tsakaninsu. Ki daban, ƙi daban, amsa-amon ya karye. Sannan ɗangon Iraƙin gaɓa 11 ne, na bayansa 8. Rera shi da baki ka ji inda numfashi zai yanke maka. Na Lehman ma ɗangon ƙarshensa ya yi tsawo har ya fita daga layi. Waƙar Alhaji ta fi zama daram, wannan ba siyasa ba ce.

'Yar Zazzau, 7 Oktoba

Siyasa ce mana, Malam. Me ya hana ka ƙirga na Alhaji? Karanta “Biliyan 700, ba shaida” da baki, gaɓa 10 ne, wanda ke samansa 8. Ko ma'aunin naka ɓangare ɗaya yake aunawa?

Malam Alƙalami, 7 Oktoba

'Yata, ba yawan gaɓa kaɗai ake dubawa ba, nauyinsu ake aunawa. Gajeru biyu suna zama a gurbin doguwa ɗaya, shi ya sa “biliyan” ta shige ba ta yi karo ba. Wannan darasin farko ne a aruli.

Mai Goro (Kumasi), 8 Oktoba

Malam, da girmanka. Ɗan Zongo ɗanmu ne, a Zongon Kumasi aka haife shi, mu kuwa a bakinmu ba ma raba ki da ƙi. In ya rera maka baitin nan da muryarsa ba za ka ji karaya ba. Hausar Kano ba ita kaɗai ce Hausa ba.

Malam Alƙalami, 8 Oktoba

A rubuce ya kawo, da ƙugiya ya rubuta, a rubuce na yi masa hukunci.

Ɗan Zongo, 8 Oktoba

Malam, ka zo da sikeli,
Kana ta awo da aruli,
Banki na korar iyali,
Kai ko “ƙi” ne ya dame ka.

Malam Alƙalami, 8 Oktoba

Yaro, aruli ba wasa ba,
Magabata ba su raina ba,
In ɗangonka bai miƙe ba,
Wa zai saurari hujjarka?

Ɗan Zongo, 8 Oktoba

Malam, ina da 'ya'ya a makarantar sakandare, a daina ce mini yaro. Tasi nake ja, tsakanin fasinja da fasinja nake tsara baiti, ba a kan tabarmar karatu ba.

Baban Ikram, 12 Oktoba

Shago ya riƙe ni, na dawo na tarar kun bar biliyan 700 kuna faɗa a kan harafi. 'Yar Zazzau, lissafinki daidai ne, amma ƙara da wannan: 'yan Rifablikan 133 ne suka ƙi a ranar, 65 kawai suka yarda, alhali shugaban jam'iyyarsu ne ke roƙon su. Da kasuwar hannun jari ta zube da maki 777 a yini guda sai aka tsorata wasu. Ɗan Zongo, ƙanena, ga taka.

Ƙanena, ban wanke Bush ba,
Hannun da ya sa ban yafe ba,
Amma ba shi kaɗai ne ba,
Gwaninka ma hannu ya saka.

Ran 1 ga wata a Dattawa,
Su biyun suka yarda da bayarwa,
Obama, McCain, ba rarrabewa,
Wane gida ya nanata maka?

Fannie da Freddie su waye?
Bashin gidaje suke saye,
'Yan Dimokurat suka kewaye,
Suka hana a taɓa su, bincika.

Shekaranjiya McCain a Minnesota,
Wata ta ce Obama Balarabe ne, ya katse ta,
Ya karɓe makirfo a hannunta,
Dattako ke nan, in gaya maka.

Ɗan Zongo, 12 Oktoba

Ya karɓe, na gani da idona,
Amsar tasa ce ta ƙona raina,
Wai a'a, mai kirki ne, ka auna,
Balarabe fa? Ina amsarka?

Kana ta kukan 'yan jarida,
Fox News fa? Tana kowane gida,
Limbaugh a rediyo awa uku yana tada
Jijiyar wuya don jam'iyyarka.

Malam Na-Birni (Damagaram), 15 Oktoba

Gaisuwa ga kowa. Mu nan ta BBC da Muryar Amurka da Jamus da RFI muke jin labarinku. Kowa a gari Obama yake so saboda mahaifinsa ɗan Kenya ne. Ni abin da ke damuna daban ne, kuma ƙwar biyu na iya.

Ku bar McCain, ku bar Obama,
Kuɗin ruwa ne tushen rugujewa.

An bai wa marar ƙarfi rance,
Ruwan yana ta hauhawa.

An ƙulla bashin an sayar,
Mai saye shi ma yana sayarwa.

Ranar biya ba mai biya,
Sai baitulmali ake kwashewa.

Cikin su biyun wa zai hana?
Babu mai niyyar hanawa.

Mai Goro, 16 Oktoba

Allah ya gafarta Malam, wannan wa'azi ne, kuma gaskiya ne. Amma ba ka faɗi wanda za a zaɓa ba.

Baban Ikram, 23 Oktoba

Malam Na-Birni, Allah ya saka da alheri, ka taɓo inda ke ciwo. Ɗan Zongo, Fox gida ɗaya ne a tsakiyar gidaje da yawa. Jiya cibiyar bincike ta Pew ta fitar da ƙididdigar labaran da aka yi bayan manyan tarukan jam'iyyu: kashi 57 cikin 100 na labaran McCain suka ne, na Obama kashi 29. Ba ni na ƙirga ba. Ka kuma tuna Obama ya janye daga karɓar kuɗin kamfen na gwamnati a watan Yuni don ya tara iya son ransa, McCain ya tsaya a kan miliyan 84 da doka ta ba shi. Da McCain ne ya yi haka da har yau ana maganar.

Joe mai gyaran famfo, ɗan jiharmu,
Ya tambayi Obama harajinmu,
Ya ce a baza arziki tsakaninmu,
Aka bar amsa, Joe aka soka.

Cikin kwanaki aka tone shi,
Wai ba lasisi, ga bashi,
Mai ƙaramin ƙarfi, an danne shi,
Paulson kuwa wa ya bincika?

Gwaninka wai canji ya kawo,
Bi sawun kuɗin da ya jawo,
Ma'aikatan Goldman ba sa yawo,
Sun san gonar da suka shuka.

'Yar Zazzau, 23 Oktoba

Baba Alhaji, Powell naku ne,
Janar ne, ɗan Rifablikan ne,
Ya ce Obama zaɓinsa ne,
Shi ma jarida ce ta sa shi haka?

Ya ce ko da Musulmi ne shi,
Mene ne aibu a gare shi?
Naku ne ya faɗa, ku ji shi,
Sauranku sun yi gum duka.

Malam Alƙalami, 24 Oktoba

'Yata, “ne, ne, ne” maimaici ne, ba gwaninta ba.

'Yar Zazzau, 24 Oktoba

Baba Alhaji ya yi “ba, ba, ba” har sau biyu ba ka tanka ba. Kai ma da shi ka amsa wa Yaya Ɗan Zongo. Koma sama ka duba, Malam.

Ɗan Zongo, 5 Nuwamba

Alhaji, ina kwana, ya gajiya?
Harlem ba a yi barci ba jiya,
Ohio taka ma ta juya,
Ta bi Obama ta bar ka.

McCain a Phoenix ya sallama,
Da dattako, ba gardama,
Ya taya murna ga Obama,
Saura kai, muna jiran taka.

Mai Goro, 5 Nuwamba

Sai kai, ɗan Zongo! Nan ma ba a kwanta ba, kowa na gaban talabijin har asuba.

Baban Ikram, 6 Nuwamba

Barka, ƙanena. Jama'a sun zaɓa, Allah ya sa alheri ne ga ƙasar da muke ci a cikinta. Ban sauya ra'ayi ba. Zan amsa maka da baiti in na ga wanda zai damƙa wa baitulmali da abin da zai yi da sauran kuɗin.

Baban Ikram, 17 Maris 2009

Ƙanena, ga ni da amsa,
Gwaninka ya hau kujerarsa,
Geithner ya naɗa ma'ajinsa,
Wanda da shi aka ƙulla harka.

Yana New York a babban banki,
Da shi da Paulson aka yi aiki,
An sauya mai riƙe da mulki,
Hannun dai na cikin aljihunka.

AIG mai inshora da ta zo tana roƙo,
Biliyan 85 tun farko,
Yau miliyan 165 ta miƙo
Tukwici ga waɗanda suka jawo haka.

Yanzu 'yan jarida ke ihu,
A Oktoba suka bar mu a duhu,
Sai da aka ɗaure bakin buhu
Aka kai, sannan suka farka.

'Yar Zazzau, 18 Maris

Malam Alƙalami, roƙo, farko, miƙo. Muna jiran hukunci.

Malam Alƙalami, 18 Maris

Na gani. Alhaji, “farko” bai zauna a tsakanin masu ƙugiya ba. Hukuncin da na yi wa “Iraƙi” shi na yi masa. Baitin buhu kuwa ya fi duk abin da aka tsara a musayar nan.

Ɗan Zongo, 20 Maris

Alhaji, sannu da dawowa. Tukwicin AIG ni ma ya ƙona mini rai, kusan duk fasinjan da na ɗauka makon nan zancensa ke nan. Amma ba zan bari ka ɗora wa mai wata biyu a kan kujera kayan shekara takwas ba. Kuma tunda ceto kake ƙi, zo mu je ƙofar gidanka, Moraine kusa da Dayton, inda aka rufe masana'antar motoci ta GM.

Kwangilar tukwicin da ka ambata,
Tun Bush na kai aka rubuta,
Wakilai jiya sun bi ta,
Kashi 90 za a yanka.

Ga tambaya, kar ka kauce,
GM da Chrysler sun sha rance,
Bush ne ya ba su, ya dace,
Ko a bar su su mutu a jiharka?

Moraine an rufe a Disamba,
Leburan can bai yi caca ba,
Shi ma ba za a cece shi ba?
Shi ne fa mai shiga shagonka.