Wi-Fi ba ya kaiwa sashen Hajiya, mesh zai magance?

Abu_Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sani a taimaka min da shawara. Gidanmu a Kano bene ne, ni da iyalina muna sama, Hajiyarmu tana sashenta a ƙasa ta can baya, sai ɗakin samari a bakin get. Ina da router na 5G irin mai sim ɗin nan, na ajiye shi a falon sama jikin taga don nan sabis ya fi ƙarfi, a saman komai lafiya lau amma da ka sauko ƙasa sai ya fara ja da baya, a ɗakin Hajiya kuwa babu shi sam, kuma ita ta fi kowa buƙata saboda ƙanwata da ke aure a Madina kusan kullum sai sun yi bidiyo kol, yanzu sai ta fito tsakar gida an sa mata kujera kafin su gaisa, ga ciwon ƙafa tana fama, abin yana damuna wallahi. Na sayi extender na sa a ƙasa, alamar Wi-Fi ta cika taf amma hoto sai ya riƙa ƙamewa. A kasuwar waya ta Farm Centre wani ya ce min in sayi mesh mai ƙwaya uku, wato na'urorin Wi-Fi da ake rarrabawa a cikin gida suna aiki tare. Zai yi kuwa? kuma router ɗin nawa ya zan yi da shi?

Injiniya_Zazzau:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Mesh zai yi, amma ka gane abu ɗaya tun kafin ka kashe kuɗinka: ba ya ƙara gudun intanet, abin da ya shigo gidan shi yake rarrabawa da suna ɗaya da password ɗaya, waya tana sauya ƙwaya da kanta kana tafiya. Router ɗinka yana nan inda yake, kebul za ka ɗauko daga bayansa ka soka a ƙwayar farko.

Matsalar gidajenmu bulo ne mai inci 9 da dekin cike da rodi, su kuma masu ƙera kayan nan awon da suke rubutawa a kwali ba da irin gininmu suka yi shi ba. Wi-Fi zango biyu yake amfani da su: 5GHz yana da gudu amma bango biyu sun isa su raunana shi, 2.4GHz ya fi ratsa bango amma ba shi da sauri. Shi ya sa extender ɗinka ya yi maka haka, guntun sabis ya samu shi kuma yake maimaitawa, ga shi da rediyo ɗaya yake karɓa yake turawa sai gudun ya ragu kusan rabi. In ka kai ƙwayar mesh ɗakin Hajiya kai tsaye ba kebul, irin haka za ka sake gani. Ta biyun a wajen matattakalar bene za ka sa ta, nan ne dekin yake a buɗe tana jiyo ta sama da kyau. Ta Hajiya kuwa ni dai shawarata ka ja mata kebul ɗin intanet Cat6 daga ƙwayar farko, yana kai mita 100 ba matsala, wannan kebul ɗin shi ne rabin aikin gaba ɗaya.

In TP-Link Deco ka saya, da manhajar Deco a waya za ka saita, ka fara haɗa su duka a ɗaki ɗaya sai fitila ta nuna sun kama sannan ka rarraba su. Ka shiga saiti ka mai da shi Access Point, wato ya zama rarraba Wi-Fi kawai aikinsa, ka kashe Wi-Fi na tsohon router ɗin don kada su riƙa cin karo.

Maman_Ilham:
Ni abin da zan ƙara maganar wuta ce, mu muna da shi a gida shekara biyu ke nan. Kowace ƙwaya sai da soket ɗinta, in aka ɗauke wuta ta farkon ta mutu to duk sauran sun tashi aiki ko da suna kunne. Mu kan layin inbata muka sa su, wadda layin bai kai gare ta ba muka saya mata ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, amma ku duba bayan adaftar ku ga volt nawa ne kafin ku saya. Kuma don Allah ka buɗe wa samarin nan guest network, wato Wi-Fi na baƙi daban, in ba haka ba datar wata ɗaya sati biyu ba za ta yi ba tunda yanzu sabis zai kai musu har kan katifa.

Abu_Hanif:
Na gode ƙwarai Injiniya, Maman Ilham Allah ya saka da alheri. To wanne zan ɗauka, na ga Deco E4 ya fi araha a kan Deco M4. Kuma kebul ɗin ta waje zai bi, ta jikin katanga, ba komai?

Injiniya_Zazzau:
E4 ramin kebul ɗinsa 100Mbps ne iyakarsa, tunda 5G gare ka M4 za ka ɗauka mai gigabit, wato 1000Mbps, in aljihu ya yarda X20 shi Wi-Fi 6 ne. Kebul kuma ka ce musu na jan ƙarfe zalla kake so, akwai na alminiyam da aka shafe shi da jan ƙarfe ya cika kasuwa, ka ɗan kankare bakin wayar in ka ga fari a ciki ka bar musu. Kada ka bar shi a rana, ka sa shi cikin fayif na PVC, kuma kada ya bi ta kan kwano saboda tsawa da damina. A ɗakin Hajiya a ɗora ƙwayar kan kabad ko wani kanta a sarari, ba bayan talabijin ba, ba cikin silin ba, zafin Afrilu zai sa ta riƙa kashe kanta. Ka fara da ƙwaya biyu ma in kuɗin bai kai ba, ɗaya sama ɗaya wajen Hajiya da kebul, ta matattakalar ka ƙaro daga baya.