Shin Citta da Kanumfari Na Narkar da Kitse? Yadda Aka Kwashe a Zauren Danginmu

Zauren WhatsApp na danginmu da ke nan Legas ba ya wuce sanarwar suna da ta'aziyya. Daren Laraba sai ga Amarya, matar ƙaramin yayanmu, ta turo wata murya da ake ta yawo da ita. Wai mutum ya bar tuwo da shinkafa da burodi da doya kwata-kwata, ya koma nama da ƙwai zalla, safe da dare ya sha ruwan citta da kanumfari da kirfa da lemun tsami, zai zubar da kilo 10 a wata guda, don kayan ƙamshin nan narkar da kitse suke yi.

Amarya: Assalamu alaikum. Ni dai na gwada, yau kwana 9. Na hau sikeli a kemis ɗin bakin layinmu, daga 84 na dawo 81. Siket ɗin ankon da ya ƙi shiga tun da na haihu, jiya ya shiga.

Gwaggo (Mile 12): Alhamdu lillahi. Me nake faɗa muku kullum? Na fi shekara 20 a kan kayan ƙamshi a kasuwar nan. Tun da cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023 ta yi tsadar da ban taɓa gani ba, amma matan Ikeja har layi suke yi a gabana, suna tambayar ta Kachiya. Da ba ta aiki za su dawo? Mu da aka yi mana jego da yaji da ruwan zafi, wa kuka gani da tumbi?

Yaya Nas: Wa alaikumus salam. Amarya, barka da ƙoƙari. Tambaya ɗaya: kwanakin farko fitsari ya yawaita miki?

Amarya: Sosai ma, Yaya. Har da dare sai na tashi sau biyu.

Yaya Nas: To a nan mafi yawan kilo ukun suka bi. Jiki yana da ɗan rumbun sitaci a hanta da tsoka, kusan rabin kilo, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kamar giram 3. Kin bar tuwo, jiki ya cinye rumbun, ruwan ya fita. Ranar da kika ci shinkafa faranti biyu, rumbun zai cika, ruwan ya dawo gidansa. Kuma ku yi lissafin nan da ni: kilo ɗaya na kitsen jiki kusan kalori 7,700 ne (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Kilo 10 ya zama 77,000. Raba shi kwana 30, sama da 2,500 ke nan a rana. Yawancin mata abin da jikinsu ke ƙonawa a yini wajen 2,000 ne. Ko azumin ɗore kika yi, ba sahur ba buɗa-baki, lissafin mai muryar nan bai fita ba.

Kawu Mai Tsire (Agege): Ni dai ina goyon bayan duk likitan da ya ce a ci nama. Allah Ya yi masa albarka, Ya ƙaro mana irinsa.

Auta: Kawu, ai ba sabon abu ba ne. Wani likita a Amurka, Robert Atkins, ya fitar da littafinsa kan wannan tsari tun 1972. Wani Bafaranshe, Pierre Dukan, ya zo da nasa a 2000. Wanda ake ce wa keto kuwa tun wajen 1921 likitoci suka fara amfani da shi, kuma ba don ƙiba ba, don yara masu farfaɗiya. Duk bayan 'yan shekaru sai a canza masa riga a dawo da shi. Namu na gida kawai citta aka ƙara masa. Amma Yaya, ki yi adalci, furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama da ƙwai da wake, yana riƙe ciki. In na karya da ƙosai da ƙwai sai azahar nake neman abinci, in da burodi ne ƙarfe goma na fara hamma.

Yaya Nas: Wannan ban musa ba, Auta. Yana riƙe ciki, yana kare tsoka in mutum na ramewa, kuma jiki kan kashe kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na ƙarfin da ke cikinsa wajen narkar da shi. Rigimata da kalmar "zalla" ce, da kuma cewa citta na narkar da kitse.

Gwaggo: Ke 'yar nan, boko ya yi miki yawa. Ki sha ruwan citta da masoro mai zafi ki ga zufar da za ki haɗa. Mene ne yake fita in ba kitse ba?

Yaya Nas: Gwaggo, Allah Ya huci zuciyarki, ruwa ne da gishiri. Wanda ya zauna cikin motar haya ta danfo a Oshodi da rana tsaka ya fi haka zufa, bai sauka da ramammen ciki ba. Barkono ma, da aka fi yin bincike a kansa, abin da yake ƙara wa jiki na ƙonawa wajen kalori 50 ne a rana. Cokalin miya ɗaya na man gyaɗa 120 ne.

Kawu Mai Tsire: Gaskiya da barkono na rage ƙiba, da duk Legas babu mai teɓa. Garin da ake niƙa attarugu kamar ba gobe!

Nan Gwaggo ta turo murya ta minti huɗu, rabinta faɗa ne da Kawu kan wani bashin daddawa, don haka na tsallake.

Kawu Mai Tsire: To tunda an taɓo ni, bari in faɗi abin da nake gani a bakin tukuba. Akwai wani mai zuwa da mota duk dare, ya ce shi yana kan tsari, kada a sa masa burodi. Sai ya nuna tozo da yatsa, ya ce a haɗa da kitse, a ƙara mai. Ni na san abin da ke jikin tsiren nan: ƙuli-ƙuli ne nake shafawa sau biyu, in yayyafa man gyaɗa yana kan wuta, yajin kuma da gishiri da dunƙule a ciki. Ya cinye, ya kora da lemun kwalba biyu masu sanyi. Wata shida ke nan, kujerar motar ce kawai nake ganin yana ƙara ja baya.

Baffa Direba: Ku bar ni da zancen nan, ni na ɗanɗana. Bara da muke kwana a layin shiga tashar jirgin ruwa ta Apapa, wani abokin aiki ya zuga ni. Wata biyu ba tuwo ba shinkafa, sai balangu da kayan ciki, hanta da ƙoda da tumbi. Na faɗa, ba ƙarya, har bel na ƙara wa huda. Amma sai in yi kwana huɗu ban zaga ba, basir ya taso, baki na wari har yaron motata ya fara miƙo min kanumfari ba tare da ya ce komai ba. Wata asuba na tashi babban ɗan yatsan ƙafata ya kumbura, ya yi ja, ko zanin rufa ya taɓa shi sai na yi ƙara. Kuloci ya gagare ni takawa. Likita ya ce wani gishiri ne ya taru a gaɓar, kuma kayan ciki na cikin abin da ke tayar da shi. Bayan Babbar Sallah duk abin da ya zube ya dawo, har da riba.

Gwaggo: Kai ai ba ka haɗa da citta ba.

Baffa Direba: Yaya, a wurinki na saya.

Yaya Nas: Ni abin da ya hana ni yin shiru shi ne Inna na cikin zauren nan, kuma allurar insulin take yi. Mai ciwon suga da ke kan allura in ya yanke sitaci dare ɗaya, sugansa na iya faɗuwa ya sume. Mai ciwon ƙoda kuma yawan nama ƙarin kaya ne a kanta. Don Allah kada wanda ke shan magani ya fara sai ya ga likitansa. Sannan garin shayin rage tumbi da ake ƙullawa a leda, ba suna ba lambar hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC, da yawa ganyen filasko ne a ciki. Gudawa ce kawai ake saya da kuɗi.

Gwaggo: Ni ban taɓa sa filasko a kayana ba, ehe.

Yaya Nas: Na sani, Gwaggo, ba da ke nake ba. Kayanki ma ina son su. Citta na kwantar da tashin zuciya. Miyar da ta ji daddawa da tafarnuwa da kimba ba ta neman dunƙule huɗu, ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya. Amarya, kafin ki fara tsarin nan, da me kike karyawa?

Amarya: Rabin burodin Agege da bota, da shayi mai madara, suga cokali uku. In na dawo daga shago kuma, cikin cunkoso nakan sayi lemun roba da cincin. Yanzu ruwan cittar ne a gorata.

Yaya Nas: Lemun roba ɗaya mai rabin lita, sugan da ke ciki ya haura ƙaramin cokali 10. Ashe cittar ta yi aiki, Gwaggo. Kujerar lemu ta zauna a kai.

Gwaggo: Ko ta wace ƙofa ta shiga, ta dai shiga.

Ƙaramin Yaya: Tunda an zo nan, ni ma a ji tawa. Ƙwai shida a rana take ci, kiret ba ya kai mana Juma'a. Ga yarinya wata bakwai tana shan nono, uwar kuma jiya jiri ya ɗebe ta a kicin.

Yaya Nas: Amarya, wannan ba ki faɗa ba! Mai shayarwa ƙarin abinci take buƙata. Babban mutum abin da aka ƙiyasta masa giram 0.8 ne na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa, mai kilo 80 wajen giram 64 ke nan, mai goyo ta ɗara haka kaɗan. Ƙwai ɗaya na da kamar 6. Sauran ki nema a wake da alale da awara da kifi da kindirmo. Ki dawo da tuwonki malmala ɗaya, miyar zogale ko kuka ta fi tuwon yawa. Lemun dai kada ya dawo.

Amarya: To Yaya, na ji. Amma cittar ba zan bari ba.

Gwaggo: Yawwa 'yata. A cika kwana 30 a koma kan sikelin nan, sai mu ga boko ne ko mu. Ki aiko yaro gobe, na samu sabuwar kirfa.

Kawu Mai Tsire: Baffa, tozon da ka ce in ajiye maka, in sayar ne?

Baffa Direba: Ajiye rabi.