Tallafin ɗebe wa karnukan mafaka kewa: mu shiga ƙarƙashin wata ƙungiya ko mu jira takardarmu?

Maman Nana: Assalamu alaikum jama'a. Ƙungiyarmu ƙarama ce a jihar Ohio ta Amurka, karnuka 40 muke riƙe da su kafin su samu masu ɗauka. An buɗe tallafin dala 3,000 na kayan ɗebe wa karnuka kewa, saura mako shida a rufe. Lambar EIN ta hukumar haraji ta IRS muna da ita, amma 501(c)(3), wato takardar yafe wa ƙungiyar agaji haraji, tukuna, watanmu 14 da rajista a jiha. Wata babbar ƙungiya ta ce mu shigo ƙarƙashinta ta karɓa mana, ta cire kasonta. Mu yarda, ko mu cike fom ɗin IRS mu jira zagaye na gaba? Sannan firiza tana shiga lissafin irin wannan tallafi?

Sarkin Keji: Wa alaikumus salam Hajiya. Karnuka 40, Kong 80 za ku saya, wato abin wasan nan na roba mai rami da ake cusa wa abinci. Rabi na cikin keji, rabi an wanke an cusa musu abinci suna daskarewa. Baƙin shi ne na masu ƙarfin muƙamuƙi, jan na sauran. Kada a ba babban kare ƙarami, yana iya maƙale masa a wuya. Kayan wasa na igiya da masu auduga a ciki ku bar su a shago: ba sa wankuwa sosai, kuma zaren da kare ya haɗiye yana toshe hanji. Tunkuzar da za ku cusa ku karanta jikin kwalbar, in akwai sinadarin zaƙi na xylitol guba ce ga kare.

Malam Akanta: Ba abin da ta tambaya ke nan ba. Hajiya, EIN lambar shaida ce kawai, ba ta nufin an yafe muku haraji. Abin da masu ba da tallafi ke nema shi ne wasiƙar amincewar IRS, kuma sukan duba sunanku a rumbun binciken hukumar a intanet. Kuɗin fom dala 600 ne, jiran kuma watanni.

Ɗan Bronx: 600 kuma? 275 ne, ranka ya daɗe.

Malam Akanta: 275 na 1023-EZ ne, gajeren. Sai in kuɗin da ke shigo musu bai wuce dala 50,000 a shekara ba, ba a kuma sa ran zai wuce a shekaru uku masu zuwa, kadara ba ta haura 250,000 ba. Mai ciyar da karnuka 40 da kai su asibiti ya zauna ya yi lissafi da kyau kafin ya sa hannu cewa bai kai 50,000 ba. Abin da ke gefensu shi ne in sun shigar cikin wata 27 da kafuwa, amincewar tana komawa baya har ranar da aka kafa ƙungiyar.

Gwaggon Maryland: Ku bar zancen fom, ku ji inda ake faɗuwa. Wata mafaka a yankinmu ta ci tallafin dala 5,000 na ɗebe kewa, takardunta cif. Wata biyu da shigar kuɗi cutar parvo mai kashe kwikwiyoyi ta ɓarke a ɗakin kwikwiyoyi, asusu babu komai, shugabar ta ɗebi 1,800 daga kuɗin tallafin ta biya asibiti. Ba ta rubuta ta nemi izini ba, waya kawai ta yi, wani ma'aikaci ya ce mata ba damuwa. Da lokacin rahoto ya zo ma'aikacin ya bar wurin. Aka ce kuɗi mai sharaɗi ne, a dawo da 1,800 cikin kwana 30, aka kuma cire su daga zagaye na gaba. Sai da 'yan kwamiti suka yi karo-karo daga aljihunsu. Kwikwiyoyi sun rayu, amma a takarda an karya yarjejeniya. Wai ƙwallon roba ya fi ran dabba!

Ɗan Bronx: Allah Sarki. Kare na da tallafi har da rahoto, ni shekara nawa ina tuƙa tasi ba wanda ya ɗebe min kewa.

Malam Akanta: Gwaggo, da ciwo, amma mai kuɗin yana kan daidai. Kuɗin da aka ba da don abu kaza amana ce. Imel ɗaya kafin a taɓa ko sisi, a samu amsa a rubuce, da maganar ta mutu. Shi ya sa ake buɗe wa kowane tallafi layinsa a littafin kuɗi, rasit ɗinsa daban, kada a haɗa Kong da buhun abinci a rasit ɗaya.

Gwaggon Maryland: Malam, kai daga tebur kake magana. Parvo ba ta jiran imel. Ka taɓa ganin kwikwiyo na zawon jini da tsakar dare?

Nas ta Dabbobi: Ku biyun akwai abin da kuka tsallake. Kayan wasan su kansu suna yawo da cuta daga keji zuwa keji. A wanke da sabulu tukuna, domin bilic ba ya aiki a kan datti da maiƙo. Sannan a jiƙa a bilic, rabin kofi a galan ɗaya na ruwa, minti 10 cikakku, a ɗauraye, a bari ya bushe kafin a cusa abinci. Ruwan bilic sabo ake haɗawa kullum. Ku rubuta wannan tsarin a cikin takardar neman tallafin, ku ambaci ƙa'idojin ƙungiyar likitocin mafakar dabbobi ta ASV, bugun 2022, inda ɗebe kewa ke cikin kulawar yau da kullum. Buroshi da bilic ma ku sa su a kasafi tun farko.

Maman Nana: Na gode ƙwarai. To maganar shiga ƙarƙashin waccan ƙungiyar fa? Kashi 10 suka ce.

Ɗan Bronx: Goma ya yi yawa, biyar ake cirewa.

Malam Akanta: Tsakanin 5 da 10 duk ana gani. Kafin ciniki, ki karanta sharuɗɗan masu tallafin, wasu ba sa karɓar wanda ya zo ta hannun wani sam. In sun karɓa, kuɗin asusun waccan ƙungiyar zai shiga, ita ke da iko da shi a doka, ita ke sa hannu a rahoto. A yi yarjejeniya a rubuce: kwana nawa za su sakar muku kuɗi, wa ke riƙe rasit. Ku kuma yi rajista da ofishin babban lauyan jihar Ohio na ƙungiyoyin agaji. In kun samu taku takardar, kada a manta fom 990, rahoton kuɗi ga IRS, kowace shekara, 15 ga Mayu ga masu rufe lissafi a Disamba. Shekara uku a jere ba a shigar ba, IRS ta soke ba tare da wani zama ba.

Sarkin Keji: Duk wannan lissafi, wa zai cusa Kong 40 kullum? Wanki, cusawa, rabawa, kwashewa, aikin fiye da awa ɗaya ne. Fitar da karnuka wasa rukuni-rukuni irin tsarin Dogs Playing for Life ya fi kowane roba kwantar musu da hankali, amma yana son fili mai shinge da ƙofa biyu da mutum biyu a tsaye. Tallafi da yawa ba sa biyan gini, ba sa biyan albashi.

Gwaggon Maryland: Yauwa, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Za su nemi alƙaluman shiga da fita na kowane wata a rumbun bayanan mafakar dabbobi na Shelter Animals Count, hotuna, labarin kare ɗaya mai daɗi, da sa sunansu a Facebook. Wanda zai zauna ya haɗa wannan duka ɗan sa kai ne da ya taso daga aikin dare.

Malam Akanta: Ku riƙa rubuta awannin 'yan sa kai a rajista, wasu masu tallafi suna karɓarsu a matsayin gudummawar ƙungiya.

Sarkin Keji: Rajistar ma wani ne zai cike ta, Malam. Nawa ake biyan mai wanke keji a awa a wajenku? A nan shagon sayar da kaji ya fi biya, duk wanda aka koya wa aiki wata uku ya tafi can.