Wai duk wanda ya haura 50 da bashi a wuyansa sakacinsa ne?

Ɗan Samaru: Salam jama'a. Akwai maganar da nake ta yi da abokaina har yanzu ba wanda ya kayar da ni. Bashi na matashi ne. Ka ci kana da 25 ko 30, da ƙarfinka, ga shekaru a gaba da za ka biya. Amma mutum ya haura 50 ana ta masa sallama a ƙofar gida ana bin sa kuɗi, wlh sakaci ne, bai tsara rayuwarsa ba tun farko. Iyayenmu na guruf a yi haƙuri amma gaskiya ce.

Maman Biyu: Kai yaro, ka taɓa aurar da 'ya?

Ɗan Samaru: Anti ni ko auren ban yi ba 😂

Maman Biyu: To shi ya sa bakinka ke da ƙarfi. Kai yanzu cikinka ɗaya, data da man mashin ne damuwarka. Ɗan 50 kuma a lokacin ne komi ke haɗe masa, wannan tana jami'a, wancan yana poli, ga budurwa biyu an kawo kuɗin gaisuwa, gado da katifa da kujeru da kayan kicin da gara duk a kansa, ga tsohuwarsa ana kai ta asibitin koyarwa na Shika duk wata, ga 'ya'yan ƙaninsa da ya rasu. Shiga Sabon Gari ka tambayi kuɗin kayan ɗaki na talaka kawai sai ka dawo mu yi maganar tsari.

Baba Mai Ritaya: Ɗana bari in ba ka lissafin ma'aikaci tunda ni na yi. Ka fara aiki kana 27 ko 28, kafin ka yi aure ka samu fili ka fara ɗora bulo ka kai 40. Dokar aiki ta ce shekara 35 kana aiki ko 60 da haihuwa, duk wanda ya riga zuwa, ka tafi gida. Farfesoshin ABU ne ke kai 70. To ranar da albashi ya tsaya ba ranar fansho ke farawa ba, akwai tsakani, kuma a tsakanin nan ba a daina cin tuwo a gidanka ba. Mai shago ne ke riƙe ka da ɗan littafinsa. Wannan ne sakacin?

Ɗan Samaru: Baba Allah ya ƙara girma, amma ai kun san ranar ritaya tun ranar da kuka karɓi takardar aiki. Me ya hana a yi tanadi?

Baba Mai Ritaya: Tanadin da me? An yi. Ana cire kashi 8 na albashi duk wata zuwa asusun fansho, mai aiki ya ƙara 10. Amma wa ya san za a cire tallafin mai a Mayun 2023, dala ta tashi daga 460 da wani abu ta haura 1,500? Abin da mutum ya tara a shekara 20 shekara biyu ta cinye rabin darajarsa. Ka tambayi malaman jami'a yajin aikin 2022, wata takwas ba albashi, masu digiri uku suna karɓar masara bashi a kasuwar Samaru. Ka tuna malaman firamare sama da 21,000 da aka sallama a jihar nan ta Kaduna bayan jarabawar 2017, da yawansu suna da bashin kofaretib da aka ɗora a kan albashin da ya tsaya.

Mai Shago PZ: Ni fa ina bayan Ɗan Samaru rabi. Littafin bashina na gabana yanzu haka. Dattijai suna biya, ko da jinkiri za su zo su ba ka haƙuri su rage wani abu, kunya ke sa su. Samarin nan ne ke canza layi su canza hanya. Amma akwai dattijan da bashin nasu na gasa ne, don maƙwabci ya yi wa 'yarsa kujeru saiti biyu shi ma sai ya jinginar da gona. Wannan kam Ɗan Samaru bai yi ƙarya ba.

Maman Biyu: Alhaji ba gasa ba ce, gori ake gudu. Yarinya ta je gidan miji da kaya ba yawa dangin miji su sa ta a baki har ta haihu.

Mai Shago PZ: Hajiya gorin wata nawa ne? Gonar kuma ta tafi kenan.

Allah Gafarta: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Ɗan Samaru ka yi hattara da kalmar sakaci, domin Annabi (SAW) ya rasu yana da shekara 63 sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa, yana cikin Buhari. Ashe shekaru ba su ne ma'auni ba. Abin da aka kira zalunci shi ne mai hali ya riƙa ja wa mai bin sa rai. Wanda ba shi da shi kuwa, Baƙara aya ta 280 ta ce a jira shi har ya samu sauƙi, kuma yana cikin mutum takwas da ake ba zakka. Sai dai ta wani gefen maganarka tana da ƙamshin gaskiya, don an taɓa kawo gawa Annabi ya ƙi yi mata salla saboda bashi sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Kuma ba a raba gado sai an fitar da bashi. Inda nake ganin dattijanmu na kuskure shi ne ɓoyewa. Mutum ya ci bashi matarsa ba ta sani ba, babban ɗansa bai sani ba, ba takarda ba shaida, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Sai ranar sadakar uku mutane su fara zuwa, magada su rasa na gaskiya da na ƙarya.

Kofa 2024: Ni abin da ban yarda da shi ba ma shi ne wai matashi na da lokacin biya. Wane lokaci? Bashin karatu na gwamnati, NELFUND, dai na yarda da sauƙi, ba ruwa, sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara cire kashi 10 na abin da kake samu. Amma wanda ke kashe samari shi ne na manhajar waya, ka karɓi dubu 20 don ka cika kuɗin haya, sati biyu a ce ka kawo da ruwa, ka rasa, ka buɗe wata manhajar ka ci ka biya ta farko, kafin wata uku kana da biyar a kanka suna tura wa duk lambar da ke wayarka saƙo cewa kai ɓarawo ne, har surukinka. Na san wanda maganar aurensa ta lalace a haka. Ga masu keke da aka ba su a biya kaɗan kaɗan, kullum balas, rana ɗaya inji ya buga shikenan.

Baba Mai Ritaya: Ga kuma bashin korona na 2020 da yaranmu suka zaci rabon gwamnati ne, aka sayi waya aka yi angwanci. Daga baya aka bi BVN ana kwashewa daga duk asusun da kuɗi ya shiga. Su ma 'yan 50 ne?

Ɗan Samaru: Baba wannan duka ne ƙasa da bel 😂 Amma ku duba, yaron da ya faɗa wannan ramin yana 26 zai iya fita ya sake gini. Ɗan 58 fa? Shi ya sa na ce bayan 50 a rufe littafi. Ban janye ba.

Maman Biyu: Bashi hanji ne yana cikin kowa, ba ka isa ka rufe littafi ba sai dai ka canza irin wanda kake ci. Ni yanzu ba na taɓa mai ruwa ko na sisi. Adashi nake zubi, in biki na tafe in roƙi uwar adashi ta ba ni kwasar farko, shi ma bashi ne ai amma ba ya haihuwa.

Mai Shago PZ: Allah gafarta malam ina da tambaya tunda an zo nan. Na ranta wa mutum dubu 200 a farkon 2023, sai bana ya kawo min dubu 200 cif. Abin da kuɗin nan ke saya a da yanzu ko rabi ba ya saya. Na ci riba ko na yi asara?

Allah Gafarta: Alhaji ka samu lada, kuɗi kam ka yi asara. Abin da mafi yawan malamai ke kai shi ne adadin da aka karɓa shi ake mayarwa, in ka sharɗanta ƙari tun farko ya zama riba. Amma in shi da kansa ya ƙara maka ba tare da sharaɗi ba halal ne, sunna ce ma, kuma mai hankali ya kamata ya yi hakan.

Mai Shago PZ: Bai ƙara ko ficika ba.

Kofa 2024: To ni tambayata, wanda bashi ya yi wa yawa, wa zai fara biya? Ni na ce mai ruwa, don shi ke ƙaruwa kullum kana barci.

Mai Shago PZ: Wato mu da muka ba ku don Allah mu ne na ƙarshe kenan? Haka kuke yi ai, mai zagi a biya shi, mai kunya a bar shi.

Baba Mai Ritaya: Dukkanku kuna da gaskiya amma ba haka ake yi ba. Ka zauna ka rubuta kowa da abin da yake bin ka. Mai ruwa ka danna masa mafi yawa har ya mutu, kar ka sake buɗe wani. Mai shago da ɗan'uwa kuma ka taka da ƙafarka ka je, ba a waya ba, ka ce ga halin da nake ciki, ga dubu biyar, duk ƙarshen wata zan kawo kaza, kuma ka cika. In akwai mashin na biyu ko fili da ba ka amfana da shi ka sayar, kar ka tsaya jin kunyar unguwa. Takardar kuma ka ba babban ɗanka kwafi.

Ɗan Samaru: Wannan na ƙarshen na yarda da shi. Sauran kuma mu haɗu in na kai 50.

Maman Biyu: Allah ya ba ka 'ya'ya mata huɗu a jere.

Mai Shago PZ: Amin. Kafin nan dai Ɗan Samaru ka leƙo shago, sunanka na shafi na uku tun azumi.