Neman kalma: me za mu kira cookie a darasin Lynx?

Malama ta Kawo:
Assalamu alaikum. Ina neman agaji kafin daren Juma'a, don ranar Asabar da ƙarfe 9 za a raba wa ɗalibai takardar darasi. A kan saita Lynx ne, burauzar nan da ba ta nuna hoto sai rubutu zalla, wadda tsohuwar kwamfuta ke iya ɗauka kuma ba ta shan data. Sashen haruffa ya kammala: a rubuta CHARACTER_SET:utf-8 a fayil ɗin lynx.cfg, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ su fito a hargitse. A sashen tsaro na maƙale, kan cookie. Da ɗalibi ya buɗe shafi sai Lynx ta tsaya ta tambaye shi a ƙasan allo ko ya yarda da shi, ya danna Y ko N ko A ko V. Biskit dai, wato ma'anar kalmar a Turanci, ba zan rubuta ba. To me zan rubuta?

Ɗan Rigasa:
Wa alaikumus salam Malama. Kuki, jam'i kukis. Abin da za su gani a allo ke nan, kar a wahalar da yara.

Injiniya na Barnawa:
Malama, kafin a raɗa suna a duba aikin abin. Ɗan guntun rubutu ne, suna da ƙima, yawanci bai wuce bayit 4096 ba. Shafin ne yake ba burauza, ita kuma duk lokacin da ta koma wannan shafin sai ta miƙa masa abinsa. Kamar ƙaramin katin asibiti: babban fayil yana can wurinsu, kai lamba kawai ke hannunka, da ka nuna sai a ciro naka. Shi ya sa wanda ya sace katin bai buƙatar kalmar sirrinka, shafin zai ɗauka kai ne ka dawo. Ni katin shaida zan ce.

Haruffan nan huɗu kuwa: Y karɓi wannan ɗaya, N ƙi wannan ɗaya, A karɓi duk abin da wannan shafin zai bayar, V kar a taɓa karɓar nasu. In ana so hukuncin ya zauna daram, a rubuta sunayen shafukan a layin COOKIE_ACCEPT_DOMAINS ko COOKIE_REJECT_DOMAINS, da waƙafi a tsakaninsu.

Mai Fassara na Unguwar Rimi:
Injiniya, shaida tana da mai ita. Layi kaɗan a ƙasa Malama za ta iso FORCE_SSL_PROMPT, inda ake maganar takardar shaidar shafi. Katin shaida a sama, takardar shaida a ƙasa, ɗalibi zai ɗauka abu ɗaya ne, alhali ɗaya shafi ne ke gane ka da shi, ɗayan kai ne ke gane shafi. A bar wa takarda shaidarta. Katin ziyara ya fi.

Baba na Tudun Wada:
Salamu alaikum 'ya'yana. Kati ɗin ma ai aro ne, kun gudu daga ruwa kun faɗa rijiya. Kalmar tana nan a bakin kowace tsohuwa: tsaraba. Ka je baƙunta, mai gida ya ba ka ɗan abu ka taho da shi gida. Tsarabar shafi. Ga daɗi a baki, ga ta tamu. Mutanen da suka ga jirgi a sama suka ce jirgin sama ba su nemi izinin Bature ba.

Ɗan Rigasa:
Baba, ranka ya daɗe, su ɗin ne kuma suka ce mota da asibiti da tebur da burodi.

Baba na Tudun Wada:
Don ba su da su ne. Tsaraba muna da ita. Kuma kai mai kukis, wane jam'i ne wannan a Hausa? In ka bi ƙa'ida kukoki za ka ce, ka ga mun koma gindin kuka. Sannan ku karanta wannan da ƙarfi: ku ƙi kuki. A waya mara ƙugiya zai fito "ku ki kuki". Wannan darasi ne ko zaurance?

Malama ta Kawo:
Baba ka sa ni dariya, kuma gaskiya jimlar tana cikin takardar. Amma tsaraba tana ba ni tsoro ta wani gefen.

Injiniya na Barnawa:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, tsaraba ta karye a wuri biyu. Ba a mayar wa mai gida tsarabarsa, wannan kuwa duk amfaninsa a mayarwar yake. Na biyu, wa ke ƙin tsaraba? Darasin Malama so yake yara su koyi cewa a'a. ACCEPT_ALL_COOKIES:FALSE, fassara shi da kalmar Baba: kar a karɓi kowace tsaraba. Ɗalibi zai ji kamar rashin tarbiyya ake koya masa.

Ga yadda zan tsara sashen, ko da wace kalma aka tsaya. A kwamfutar da mutane da yawa ke hawa, SET_COOKIES:TRUE don shafukan da ake shiga da kalmar sirri su yi aiki, ACCEPT_ALL_COOKIES:FALSE don ta riƙa tambaya, PERSISTENT_COOKIES:FALSE don da an rufe Lynx komai ya tafi. A kwamfutar mutum shi kaɗai ana iya mayar da na ukun TRUE, sai ta riƙa adanawa a fayil ɗin .lynx_cookies cikin babban fayil na mai ita. To nan a bi shi da umarnin chmod 600, mai hana sauran masu hawa kwamfutar buɗe shi, don rubutu ne a fili, duk mai iya buɗe shi ya kwashi katunanka. Kuskuren da ya fi yawa: mutum ya gyara layi ya bar alamar # a farkonsa. Layin da ke da # Lynx ba ta karanta shi, sai a yi ta mamakin saitin bai kama ba. A Debian da Ubuntu, nau'o'in manhajar Linux mai tafiyar da kwamfuta, fayil ɗin saitin yana /etc/lynx/lynx.cfg. Wanda ba shi da ikon taɓa shi ya kwafa zuwa babban fayil nasa ya kira Lynx da -cfg= da sunan kwafin.

Baba na Tudun Wada:
Injiniya, danna Ctrl da K a burauzar taka. Me ta kira wurin? Tulun ajiye su. In ka goge ɗaya me take cewa? An cinye shi. Masu abin da kansu abinci suka ɗauke shi, kai kana kai mu asibiti. Wa ya taɓa cin kati?

Mai Fassara na Unguwar Rimi:
Nan kam Baba ya kama Injiniya. Amma raha ce ta masu manhaja, ba ma'ana ba. Lou Montulli, ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta Lynx a Jami'ar Kansas ta Amurka a 1992, shi ne ya ƙirƙiro abin a kamfanin Netscape a 1994. Sunan kuma a wurin masu Unix, wata tsohuwar manhajar tafiyar da kwamfuta, ya ɗauko shi, inda tuni suke kiran ɗan bayanin da manhaja ke karɓa ta mayar ba tare da ta taɓa shi ba da wannan suna. Ko a Turancin ba maganar toye-toye ba ce. In muka fassara rahar muka bar aikin, mun yi asara.

Wata 'yar Kano da ke Malali:
Ni abin da ban gane ba, wa ya ba Kaduna ikon raɗa wa kalma suna? Hausar bariki, rabi Turanci. A kai maganar Kano a daidaita.

Ɗan Rigasa:
Yaya, a yi haƙuri. Tun 1962 rediyon Kaduna ke shiga kunnen Arewa har ƙetare, Kanawa ma da shi suka tashi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma a Zariya aka fara ta a 1939, ba a bakin Kurmi ba.

Wata 'yar Kano da ke Malali:
Zariya ka ce, ba Rigasa ba.

Baba na Tudun Wada:
Ku duka yara ne. Wanda ke son Hausa tsantsa ya nufi Sakkwato da Katsina. Abin da ke kashe harshe shi ne kunya. Yaro ya ce kukis don a san ya yi boko, in ya ce tsaraba gani yake za a kira shi ɗan ƙauye.

Malama ta Kawo:
Jama'a, don Allah. Gobe Juma'a, ga mai buga takarda yana rufewa da wuri. Sashen takardar shaida ma ban gama ba.

Injiniya na Barnawa:
To ga shi a gajarce. FORCE_SSL_PROMPT yana karɓar ɗayan uku: PROMPT ta tambaya, YES ta wuce ko takardar ba ta inganta ba, NO ta tsaya. Ga ɗalibai NO, don in aka bar musu tambaya yatsa zai saba da danna Y. YES kuwa kar ma ya fito a takardar sai a matsayin gargaɗi. In kuma kowane shafi ya fara kawo kuskure, kar a zargi shafukan. A buga umarnin date a ga kwanan wata. Tsohuwar kwamfuta in ƙaramin batirinta na CR2032 ya mutu, da an ɗauke wuta agogonta ya koma shekarun baya, sai duk takarda ta zama kamar lokacinta bai yi ba. In agogo daidai ne, a sabunta kunshin ca-certificates, a duba layin SSL_CERT_FILE yana nuna /etc/ssl/certs/ca-certificates.crt.

Abu biyu da ba ki tambaya ba. NO_REFERER_HEADER:TRUE yana hana ta gaya wa sabon shafi daga inda aka fito, sai dai wasu shafukan na ƙin ba da fayil in ba su ga wannan ba. Sannan alamar ! a Lynx tana buɗe wa mutum wurin buga umarni kai tsaye. A kwamfutar aji a tayar da ita da -restrictions=shell,exec,file_url,option_save, ko a taƙaice -anonymous in ana son kulle mai tsanani.

Ɗan Rigasa:
A ƙara: in suka danna O suka canza saiti, sai sun sa alama a akwatin adanawa kafin su amince da canjin, in ba haka ba da an rufe ya ɓace. Abin da aka adana yana shiga .lynxrc, kuma yana iya danne na lynx.cfg. Shi ya sa option_save ɗin Injiniya, mai hana adana saitin, ke da amfani.

Mai Fassara na Unguwar Rimi:
Shawarata Malama: a karon farko ki rubuta kuki, wato katin ziyara da shafi ke ba burauza ta riƙa nuna masa. Daga nan ki ci gaba da kati. Jam'i katuna, ba kukis ba kukoki. "Ku ƙi katin" ba ya rikita kowa ko ƙugiya ta faɗi. Shafin Ctrl da K kuma ma'ajiyar katuna.

Wata 'yar Kano da ke Malali:
Katin ziyara kamar na shiga gidan yari. Amma ya fi kukis.

Malama ta Kawo:
Na ɗauki na Mai Fassara, kuki sau ɗaya don su gane abin da ke allo, sauran duka kati. Misalin asibiti na Injiniya zai shiga. Baba, a yi mini afuwa, zan ambaci tsaraba a aji da baki a matsayin wata shawara da aka kawo. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Baba na Tudun Wada:
Da baki. To, Allah ya ba da sa'a 'yata. Ni dai a kwamfutata tsaraba ce, kuma V nake danna mata.